Motar rimot da rairayin Katsina: abin da mai shago bai gaya mini ba

Har yanzu idan na ga kwalin motar rimot an rangaɗa masa kilomita 50 a awa da manyan baƙaƙe, sai raina ya sosu. Wasu motocin suna kusantar hakan a kan kwalta mai laushi, ban ce ƙarya ce zalla ba. Haushina shi ne gudun nan kaɗai ake nuna wa mai saye, alhali a garinmu abin da ke kwantar da mota tun ba a je ko'ina ba shi ne rairayi.

Ɗan yayata ne ya yi sauka, ni kuma na riga na yi masa alkawarin irin motar da yake kallo a waya, mai hawa tudu tana tayar da ƙura. Shekararsa 11, rimot ɗin da ya taɓa riƙewa bai wuce na talabijin ba. Na san ba irin ta bakin kasuwa nake nema ba, wadda ko dai ta tsaya cak ko ta zabura gaba ɗaya. Ina son wadda totur da sitiyari ke bin hannu daidai gwargwado, mai rimot na 2.4GHz, wadda ake kwancewa a ɗaure. Manyan irin su Traxxas Slash ta Amurka, mai girman 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske, kuɗinsu ya haura dala 200 tun kafin a yi maganar kuɗin jirgi, don haka ko kallonsu ban tsaya yi ba. Aljihuna na ƙananan nan ne da ake yi a Sin, masu girman 1/16 zuwa 1/12.

Wata tafiya ta kai ni Kano, na shiga wani shagon kayan wasa, na tarar da wata 1/14 mai jan taya huɗu, da batir mai bolt 7.4. Na danna ta ƙasa ta taso a hankali, alamar akwai mai a cikin shokozobanta. Na ce wa mai shagon, "Alhaji, mu can Katsina ƙasarmu yashi ce, za ta iya?" Ya ce, "Yallaɓai, wannan ko Sahara ka kai ta ba ruwanta." Wannan magana ita ce har gobe ba ta bar kunnena ba.

Lokacin hunturu ne. Muka kai ta filin da yara ke ƙwallo a bayan unguwarmu ta wajen Ƙofar Sauri, kuma wallahi ta yi abin kallo, yaran unguwa suka yi ta binta da ihu. Ba a yi mako ba, ana cikin wasa sai ƙararta ta canza, ta koma wani irin ƙugi kamar injin markaɗe, moto, wato ɗan injin lantarkin da ke tuƙa ta, na ta juyawa, mota ko motsi. Yaron ya ɗauko ta ya zo ya tsaya gabana, ya ce, "Kawu, mi ya same ta?"

Da na kwance murfin sai na gani. Giya biyu ne ke kai ƙarfin moto zuwa tayoyi: ƙarama ta ƙarfe a bakin moto, da babba ta roba da take juyawa. Haƙoran babbar sun share, sun koma sumul, sai garin roba a gefe. A ƙarƙashinta kuwa, a cikin farantin motar, akwai wata 'yar taga da aka yanke don giyar ta sami wurin juyawa, buɗe take tana kallon ƙasa. Duk sanda mota ta nutsa a yashi, ta nan take ɗiba. Ga shi an lafta wa giyar giris tun daga masana'anta, rairayi ya manne a giris ɗin, ƙaramar giyar ƙarfe ta yi ta goga shi a jikin roba sau dubbai a kowane minti. Mutumin da ya zana motar nan ciyawa da tsakuwa yake tunani, bai san filin ƙwallon unguwarmu ba.

Na ce to, abu mai sauƙi, 'yar roba ce da ba ta kai murfin kwalba biyu faɗi ba. Na kira mai shagon. Ya ce su ba sa kawo kayan gyara, sai dai in zo in ɗauki wata motar, zai yi mini ragi. Na ce ya ba ni lambar samfurin in nema da kaina. Babu. Sunan da ke jikin kwali na buga shi a intanet ta kowace fuska, babu kamfani, babu takardar da ke nuna sassan mota da lambobinsu, babu komai. Mota ce da aka liƙa wa suna don a sayar, shi ke nan.

Daga nan yawo ya fara. Na je wajen masu gyaran janareta, na je wajen masu gyaran waya, wani ya tura ni wajen mai gyaran firinta da injin hoton takardu, tunda su ma cikinsu cike yake da giyoyin roba. Bawan Allah ya zazzage mini kwali guda, muka yi ta gwadawa. Wata faɗin ya yi daidai, haƙora ba su shiga ba. Wata haƙoran sun kusa, ramin tsakiya ya yi girma. Shi ne ya koya mini abin da ya fitar da ni: ya ce haƙorin giya yana da awo, kuma idan awon biyun bai zo ɗaya ba, ko ka tilasta su sai sun cinye juna. Ana auna faɗin giya daga bakin haƙori zuwa bakin haƙori da milimita, a ƙirga haƙoran a ƙara 2, a raba faɗin da wannan adadi. Abin da ya fito, ko 0.6 ko 0.7 ko 0.8, shi ne awon da za ka nema. Tunda babbar ta share, da ƙaramar ta ƙarfe muka yi lissafin, sannan muka ƙirga gurabun haƙoran babbar da tsinin allura. Motocin Amurka kuma da wani lissafin suke tafiya, za ka ga an rubuta 48P ko 32P. Ba a cakuɗa 48P da wancan, amma 32P kusan ɗaya yake da 0.8.

Da awon a hannu na gano cewa cikin motar tamu kwaikwayon wata sananniya ce, kuma giyarta tana nan birjik a shagunan intanet, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Sai dai daga Sin za ta taso. Fiye da wata guda mota na kan durowa tana shan ƙura, yaro kullum in ya dawo Islamiyya sai ya leƙo ya ce, "Kawu, ta zo?" Yaya kuwa ta samu abin tsokana, ko gaisawa muka yi sai ta ce, "Ina labarin motar Sahara?" Duk a kan 'yar roba guda.

Shi ya sa yanzu duk wanda ya tambaye ni, kafin maganar gudu, kafin launi, nakan ce ya duba ko motar tana da suna da lamba na gaske. WLtoys suna da 144001 da 12428, Haiboxing suna da 16889, MJX suna da jerin Hyper Go, kuma idan ka buga waɗannan lambobin za ka ga kowane sashe ana sayar da shi daban, har ƙaramin noti. Ban ce su ba sa karyewa ba, kowace mota a hannun sabon shiga sai ta karye. Bambancin shi ne waccan in ta karye an gama, wannan kuwa gyara ake yi. Kuma ranar da ka biya kuɗin mota, ranar za ka biya na kayan gyaranta, su zo tare: babbar giya biyu, ƙarama ɗaya, hannun tayar gaba tunda shi ke fara cin karo da bango, da 'yan boris. Da mai shagon nan ya faɗa mini wannan kaɗai, da na yafe masa maganar Sahara.

Da giyar ta iso, na wanke gidanta tas, ban sa mata giris ko ɗigo ba. Mu nan mun saba duk abin da ke juyawa a zuba masa baƙin mai, to wannan giyar ba ta so, a bushe ake barinta. Giris na cikin rufaffen gidan giyar da ke tsakanin tayoyi ne, inda ƙasa ba ta shiga. Tagar nan ta ƙasa na rufe ta da yankin robar galan da salatif mai ƙarfi, na bar ɗan sarari yadda haƙori ba zai taɓa ba. Wajen ɗaure moto kuma sai ka tura siririyar takarda tsakanin giyoyin biyu, ka matsa, ka ɗaure, ka zare takardar. Idan sun matse da yawa moto ya yi zafi, idan sun yi sako-sako haƙora su tsallake. Akwai babbar giya ta ƙarfe ana sayarwa, na yi kwaɗayinta, amma na fasa. Idan mota ta daki dutse dole wani abu ya ɗauki bugun, gara ya zama robar da na san kuɗinta kuma ina da wata a ajiye, da ya wuce can ciki inda gyara ke da tsada.

Bayan kowane wasa, burushin fenti ne aikin yaron, ya kakkaɓe ta ciki da waje. Lokaci-lokaci mukan biya wajen mai faci ya hura mata iska daga nesa-nesa, ba a kan boris kai tsaye ba don kada ya tura ƙurar ciki. A duba gindin tayoyi kuma, zare da leda da ƙarangiya suna naɗewa a wurin su riƙe taya, moto ya yi ta wahala kai ba ka sani ba.

Maganar moto, iri biyu ne: mai burushi, wato mai 'yan gawayin da ke gogar cikinsa suna kai masa wuta, da marar burushi. Ga sabon shiga mai burushi ya wadatar, irin masu lamba 390 da 540 da 550. Yana da araha, kuma in ya ƙone canza shi ba wuya. Aibinsa shi ne yana da ramukan shan iska, ƙura na shiga, maganaɗisunsa kuma na jawo garin ƙarfen da ke cikin burji. Marar burushi ya fi rufuwa, ya fi daɗewa, amma ya fi tsada kuma gudunsa ya fi ƙarfin hannun yaro. Ko mai burushin ma, a nemi wadda rimot ɗinta ke da maɓallin rage gudu. Traxxas har tsarin koyo suka sa wa nasu, mai rage ƙarfi zuwa rabi. Ni na rage wa yaron sosai da farko, ya yi ta ƙorafi, amma hannun tayar gaba bai karye ba sai bayan na sakar masa. Yashi mai zurfi kuma yana gasa moto ko da giya a rufe take. Idan ka ɗora yatsa ka kasa daurewa na daƙiƙa 5, a bar ta ta huce.

Batir shi ne abin da nake sa wa ido da kaina, ba na bar wa yaro. Batirin lithiyam ɗaki-ɗaki ne a ciki, irin namu mai bolt 7.4 ɗaki biyu ne. Kowane ɗaki bolt 3.7 ne, in ya cika 4.2, kuma ba a so ya sauka ƙasa da 3. Da zarar mota ta fara sanyi a tsaya, kada a ce sai ta mutu murus. Idan za a daɗe ba a yi wasa ba, a bar shi wajen 3.8, ba a cike ba. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Katsina ke wuce digiri 40, barin batir a cikin mota a rana ko a kan taga ganganci ne. Ina cajinsa a kan siminti, nesa da katifa da labule, ina kusa. Wanda ya kumbura an gama da shi. Wasan batir ɗaya bai cika wuce minti 15 ba, cajar USB da ke zuwa a kwali kuwa sai ta ci awanni, ga wutarmu yadda take, don haka batir na biyu dole ne. A duba irin bakin wayarsa kafin a saya, don akwai T da XT60 da wasu ƙanana, ba sa shiga juna. Kuma batir ya fi komai wuyar zuwa ta jirgi saboda dokokin ɗaukar lithiyam, gara a nemi mai sayarwar da ya haɗa biyu a kwali ɗaya.

Wurin wasa ma mun canza. Mun bar tsakiyar filin ƙwallon inda yashi ya tara, mun koma gefen da ƙasa ta daddale da burji. Lokacin da na fi jin daɗinta shi ne bayan ruwan farko, ƙasa ta kwanta, babu ƙura, taya na kamawa. Kududdufi dai a kauce masa ko an rubuta ba ta jin ruwa, boris na tsatsa. Kuma don Allah kada a kunna ta kusa da doki. Garin dawaki muke, da yamma ba ka rasa masu kilisa, kuma ƙarar abin nan da yadda yake fitowa ba zato yana firgita su ƙwarai.

Wani abokin aikina ɗan Daura ya ga tamu ya ce shi ma zai saya wa 'ya'yansa, amma tsakar gida kawai za su yi wasa, kuma gidan yashi ne. Na ce masa to ya manta da mai gudu, ya nemi irin mai rarrafen nan da ake yi don hawa duwatsu. Tafiyarta a hankali take, cikinta ya ɗaga daga ƙasa, tayoyinta manya ne masu laushi, yaro zai jera mata bulo da itace ya yini yana hawa ba ta fasa komai ba. Idan kuma ya nace sai mai gudu, kada ta gaza 1/14, don ƙananan 1/18 cikinsu na zama a kan yashi tayoyi su yi ta juyawa a banza. Na ce kafin ya tura ko sisi, ya sa mai sayarwar ya kifa motar ya ɗauko masa hoton cikinta da lambar da ke jikin kwali, ya turo mini in duba.