Abin da na koya daga dafa itacen malaina

Lokacin da na fara aikin bincikena na shekarar ƙarshe a sashen kimiyyar sinadarai, kan yin takarda daga itacen malaina, ina ɗauka cewa takarda itace ne kawai da aka niƙa aka shanya. Sai da na tsaya a gaban tukunyar dafa itace a ɗakin gwaji na gane cewa aikin duka raba abu biyu ne da Allah ya haɗa su gam. Kusan rabin nauyin busasshen itace selulos ne, wato zaruruwan da ake so, sannan akwai lignin, danƙon da ya manne zaruruwan ya ba bishiya ƙarfin tsayuwa, wanda yakan kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari.

Hanyar da muka bi ita ce ta kraft, wadda Bajamushe Carl Dahl ya ƙirƙiro a 1879. Ana dafa guntayen itace a ruwan soda mai ci, irin wadda masu sabulu suka sani, tare da sodiyam salfaid, a zafin da ya kai kimanin digiri 170, har lignin ya narke ya fita a matsayin baƙin ruwa, wanda manyan masana'antu ke ƙonawa su sami wutar lantarki su kuma dawo da sinadaransu. Warin kuwa, kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ya kan bi mutum har gida.

Kuskurena na farko zari ne. Ina son ƙullu, wato zaruruwan da suka rage bayan dahuwa, fari tas, sai na ƙara soda na kuma tsawaita dahuwa, ban lura ba cewa sinadarin da ke cin lignin ba ya barin selulos idan aka ba shi lokaci. Ƙullun ya fito da haske, amma ya ragu ƙwarai, takardar da na buga da shi kuma tana yagewa da ɗan ja kaɗan. Malamin da ke duba aikina bai yi mini faɗa ba, ya dai sa na auna ragowar lignin a kowace dahuwa, kuma daga nan na fahimci dalilin da ya sa masana'antu ke tsayar da dahuwa da sauran lignin a jiki, su bar ragowar ga matakin farantawa. Wannan lignin ɗin ne ke sa tsohuwar jarida ta koma ruwan ɗorawa idan ta sha rana, domin ƙullun jarida niƙa shi ake yi, ba a cire danƙon.

Akwai kuma abin da dahuwa ba ta gyarawa. Zaren malaina gajere ne, kimanin milimita 1, alhali na bishiyar fain yakan kai 3, shi ya sa masana'antar takarda ta Jebba, wadda ta fara aiki a 1969, ta dogara a lokacin ga ƙullu mai dogon zare da ake shigowa da shi daga waje. Da na haɗa ɗan ƙullun fain a cikin nawa, sai takardar ta daina yagewa a hannuna.