Salga da rijiya

Yau a Ƙofar Marusa wani farfesa, tsohon injiniyan muhalli, ya tsayar da masu haƙa salga a gidan maƙwabcinsa. Bai yi dogon Turanci ba, taku kawai ya ƙirga daga ramin zuwa rijiya. "Alhaji, wannan ko mita 10 bai kai ba, 30 ake so. Gindin ramin kuma ya tsaya mita ɗaya da rabi sama da inda ruwa ke kaiwa da damina." Ƙasar Katsina rairayi ce, ƙazanta ba ta wuyar tsiyaya, ruwa ya fito garau, ga kwalara a ciki.

Alhaji ya ce ai filin ne ba yawa, kuma da gaskiyarsa. Ina ta tunanin gida nawa ne a cikin gari ke da mita 30 ɗin.