Hawainiya da ruwan sha a tsakiyar bazara

Laraba, Runjin Sambo, Sakkwato.

Yau da na dawo daga sallar asuba na fesa wa shukar da ke cikin kejin hawainiyata ruwa, domin a wannan wata na Afrilu, da zafin Sakkwato kan haura digiri 40 da rana, da sanyin safiya ne kaɗai ɗigon ruwa ke jimawa a kan ganye kafin iska ta shanye shi. Hawainiya ba ta cika gane ruwan da ke zaune a kwano ba. A daji raɓa da ruwan sama take lasa a jikin ganye, kuma ƙyallin ɗigo da motsinsa ne ke jan idonta, shi ya sa mai kiwonta zai iya ajiye mata kwano cike da ruwa amma ƙishirwa ta kashe ta a gefensa.

Tawa irin ta yankinmu ce, wadda masana ke kira Chamaeleo africanus, kuma duk da ta saba da ƙasar Sahel, a daji takan ɓuya cikin duhuwar ganye a wurare masu laima irin fadamun bakin kogin Rima, abin da kejin raga ba zai ba ta ba. Feshin yana buƙatar haƙuri. Ba na nufar fuskarta da shi, don idan ruwa ya dake ta sai ta yi duhu, ta kumbura, ta buɗe baki. Sama nake fesawa, ruwan ya gangaro ta kan ganyen rama, sannan in koma bayan ƙofa, saboda ba ta sha idan ana kallonta. Sai bayan 'yan mintoci ta fara motsa muƙamuƙi, ta ɗaga kai tana haɗiya. Da ruwan famfon da ya kwana a bokiti nake amfani, ba na randa ba, don sanyinsa yana firgita ta.

Inna ta same ni a laɓe, ta ce, "Wagga hawainiya taka ta fi ɗan sarki gata. Ta dai kiyayi ramata." Daga tukunyar da ta shuka ne na samo ramar, kuma har yanzu ba ta yarda cewa yawun hawainiya ba shi da dafi ba, ko da yake na sha faɗa mata.

Da hantsi na rataye robar ruwa a saman kejin, wadda na huda gindinta da allura don ta riƙa ɗiga a hankali kan reshe, na kuma sa faranti a ƙasa, wanda nake zubarwa kullum don kada ƙwayoyin cuta su taru. Da azahar ban yi feshi ba. A ganina feshin tsakar rana a garin nan wahalar banza ce, domin ruwan yakan bushe nan take, idan kuma ɗakin a rufe yake sai zafi da turiri su haɗu su takura numfashinta. Jiƙaƙƙen buhun algarara na rufa a gefe ɗaya na kejin, iska na ratsawa tana sanyaya ciki.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne kashin da ta yi bayan la'asar. Hawainiya ba ta fitsari irin namu, sai dai ta fitar da wani farin abu tare da kashi, kuma shi ne ma'aunin ruwan jikinta: idan fari ne fat, lafiya lau, idan ya yi ɗorawa sosai ko launin lemo, ruwa ya yi ƙaranci. Na yau fari ne, da ɗan ɗorawa a ƙarshensa. Idanunta ma a cike suke, ba su faɗa ciki ba. Ƙishirwa mai tsawo ƙoda take lalatawa, kuma idan abin ya kai nan, ɗura mata ruwa da sirinji haɗari ne, don ƙofar numfashinta tana cikin bakin, ruwan na iya bi ya shiga huhu. Wannan aikin likita ne, kuma Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da asibitin koyarwa na dabbobi.

Farar da zan ba ta gobe na zuba mata ɓawon kankana da ganyen latas tun da magariba, domin wani kaso na ruwan jikin hawainiya daga ƙwarin da take ci yake fitowa. Bayan isha'i na yi feshi na biyu, na cika robar, na sa ƙararrawar waya ƙarfe 5 na asuba.