Tarago na uku ya hau layi

Assalamu alaikum 'yan'uwa abokan koyo. Jiya bayan la'asar na ɗora tarago na uku a kan layi, na ɗan tura shi da yatsa, ya gangara har ƙarshen katakon bai goce ba. Na ji daɗi ƙwarai, domin na farko da na haɗa wata biyu da suka wuce har yau ba ya iya shan kwana.

Ga waɗanda ba su san inda aka faro ba, ƙananan taragun kaya na kwaikwayon jirgin ƙasa nake haɗawa, irin waɗanda ke zuwa gunduwa-gunduwa a cikin leda, jikinsu roba, ƙafafunsu ƙarfe. Sikelin 1:76 ne, wato na gaske ya ninka shi sau 76, a kan layi mai faɗin milimita 9, wanda a Ingila ake kira OO9. Wani ɗan'uwa ne ya taho mini da guda biyar. Abin da ya ja ni ga siririn layi shi ne tsohon dogon da ya tashi daga Zariya ya hau Jos har Bukuru, mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, wanda ya yi dakon kuza har aka rufe shi a 1957. Namu na Kano da ya iso a 1911 ya fi shi faɗi, ƙafa 3 da inci 6 ne, amma shi ma siriri ne idan aka gwada shi da na Abuja zuwa Kaduna mai milimita 1,435. Mai son kwaikwayon na Kano sak sai ya nemi layin milimita 12 a sikelin 1:87, kuma ina da wannan niyyar in Allah ya hore.

To, me ya sami na farko? Gaggawa. A tafin hannu na riƙe shi na liƙa bangayensa huɗu, ido ya ce mini ya miƙe. Ashe gindin ya ɗan murɗe, ƙafa uku na taka layi, ta huɗu na lilo a sama da abin da bai kai kaurin farce ba. A miƙaƙƙen layi ba a gane komai, da an zo kwana sai wannan ƙafar ta haye ƙarfen, taragon ya kife. Na ɗauka laifin layi ne, na kwana biyu ina gyaran abin da lafiyarsa ƙalau.

Wannan karon a kan gutsuren madubi na yi aikin, don gilashi ba ya lanƙwasa kamar katako. Na yanke kowace gunduwa daga reshen robar da take zuwa manne da shi da reza, na goge bakin da sanfefa mai laushi, na jera su ba gam na ga sun zauna. Sannan na sa ƙafafun tun gam bai ƙame ba, na ajiye taragon a kan madubin, na danna kusurwa ɗaya bayan ɗaya. In ya girgiza, akwai sauran gyara. Da ya zauna daram sai na ɗora masa ɗan nauyi na bar shi ya kwana. Wallahi wannan kwanan shi ne rabin aikin.

Maganar gam kuwa, hunturun Kano na da nasa hukuncin. Gam mai narkar da roba yana tashi nan da nan, don haka a haɗa ɓangarorin tukuna, a ɗiga shi a tsagar da siririn buroshi, shi zai bi da kansa. Sufa gulu kuma laima yake buƙata kafin ya kama, a busasshiyar iskar nan sai ya yi ta jan lokaci. Hura masa numfashi kaɗan yana taimakawa. Da shi na liƙa ƙugiyoyin haɗi, bayan na gwada tsayinsu da na tarago na biyu.

Tarago na roba ba shi da nauyi, in ya shiga tsakanin masu nauyi sai a fizge shi daga layi a kwana. Na samo ƙananan noti a kasuwar Ƙofar Ruwa, na liƙa biyu a ƙasa, tsakiyar ƙafafun gaba da na baya. Masu sa darma maimakon noti su riƙa wanke hannu, su kuma ɓoye ta daga yara.

Fenti shafa biyu na yi, ja mai duhu, an tsinka shi sosai, na kife kwali a kai saboda ƙura.

Kayan da zai ɗauka shi ne abin da ya fi daɗa mini rai. Mahaifina yakan ba mu labarin dalar gyaɗa, yadda 'yan dako ke hawa da buhu a ka har ƙololuwa, jirgi na kwasa zuwa Legas. Na san siririn layin Jos ba shi ya yi wannan dakon ba, amma gyaɗa zan loda. Na gwada ƙyallen atamfa, zarensa ya yi kauri, buhun ya fito kamar katifa. Takardar ganyen shayi da aka riga aka dafa ita ce ta dace, launinta ma irin na buhun algarara. Ina yanka ta ƙanana, in zuba rairayi mai laushi, in naɗe, in ɗiga farin gam da aka sirka da ruwa. Na yi goma sha huɗu, da saura kamar ashirin kafin taragon ya cika.

Asabar in Allah ya kai mu zan ɓamɓare gindin na farko in sake shi a kan madubi. Wanda ya taɓa raba roba da gam ya narkar ba tare da ta tsage ba, don Allah ya faɗa mini yadda ya yi kafin in sa reza.