Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Vernus, Verna, Vernum

Makon jiya na tsaya a inda aka ba ni ɗan aiki a ɗakin adana busassun tsirrai na jami'ar da nake karatu a Ingila. Aikina shi ne kwafe sunayen tsirrai daga tsofaffin takardu zuwa sababbi, kuma duk sunayen na Latin ne.

Wata kalma ta riƙa zuwa mini da fuska uku: Crocus vernus, Gentiana verna, Leucojum vernum. Dattijuwar da ke kula da ɗakin ta zaunar da ni ta warware mini. Tushen kalmar shi ne ver, lokacin da sanyin Turai ke janyewa, daga Maris zuwa Mayu, itatuwa su yi toho, furanni su buɗe. Vernus sifa ce ta duk abin da yake na wannan lokaci. In sunan namiji ne a ce vernus, in mace ce verna, in kuma jinsi na uku ne, ba namiji ba mace ba, vernum. A jam'i su koma verni, vernae, verna.

Tana magana ina jin muryar malaminmu na nahawu a Zariya: farin doki, farar riga, fararen kaya. Abokan karatuna Turawan Ingila sun sha wuya a nan, don sifa a harshensu ba ta sauya kama. Ni kuwa da wannan aka yaye ni. Jinsi na ukun ne baƙo a wurina, sai yadda ƙarshen kalma ke juyawa gwargwadon matsayinta a jimla: vernus ya zama vernum in aiki ya faɗa kansa, ya zama verni in ana nuna mallaka.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne katin tsamiya. Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, ya sa mata suna Tamarindus indica a 1753. Sunan ya ƙare kamar na namiji, amma sifarsa ta mace ce, domin Latin yakan ɗauki itatuwa mata. Mu ma ai "ita" muke ce wa tsamiya.

Da Mayu ya kama, dattijuwar ta kai mu Teesdale a arewacin Ingila, muka ga Gentiana verna da ranta, shuɗiya, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Da muka dawo na tarar da wasiƙar Baba tana jirana. Abin da ke cikinta sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.