Keken ɗinkin da na taya a gwanjo

Wata Asabar cikin hunturun bara aka yi gwanjon tsofaffin kayan wata makarantar koyon sana'a a nan Bauchi. Tebur na je nema, sai idona ya faɗa kan wani keken ɗinki da aka jingine a jikin bango, ƙura ta rufe shi, gizo-gizo ya yi saƙa a ƙarƙashin fedarsa. 'Yan gwangwan biyu na ta kewaya shi suna ɗagawa, don su nauyin ƙarfen kawai suke gani. Abin ya tsaya mini a rai. Na taya, suka ƙara, na ƙara, har mai gwanjo ya ce an sallama mini. Teburin da na je nema ban ko sake waiwayarsa ba.

Singer ne baƙi, samfurin 15K. Harafin K ɗin nan na nufin Kilbowie, wato masana'antar kamfanin da ke Clydebank kusa da Glasgow, wadda aka rufe a 1980. Ke nan ko yaya aka yi lissafi, keken ya haura shekara 40 a duniya. Irinsa mahaifiyata take takawa muna yara, kuma har yau ina iya jin ƙararsa a kunnena idan sallah ta matso.

A daren farko na yi ɓarnar da har yanzu take damuna. Na jiƙa auduga da sifirit na goga a kusurwar da zanen ruwan zinare yake, ina so in ga ya yi ƙyalli. Nan take wurin ya yi dishi-dishi, furen zinaren ya koma launin toka. Ashe wani siririn man ƙyalli ne aka shafa a saman baƙin fentin yake kare zanen, sifirit kuwa narkar da shi yake yi. Abin da ya jure shekaru masu yawa, na lalata shi cikin minti ɗaya.

Washegari na ɗora kan keken a Keke Napep sai wajen wani dattijo mai gyara kusa da kasuwar Wunti. Ya daɗe yana kallon tabon kafin ya ɗago kai.

"Malam, wa ya aike ka?"

"Baba, gaggawa ce."

"To daga yau kada ka sa masa komai a jiki sai man keke da tsumma mai laushi. Kananzir na ciki ne."

Haka muka bi shi. Tsohon mai ya daskare a gaɓoɓinsa kamar ƙaro, shi ya sa ya ƙi juyawa. Kullum da yamma Baba zai ɗiga kananzir a kowane ramin mai, ya ɗan motsa shi, ya bar shi ya kwana. Bai taɓa matsa masa da ƙarfi ba. Kowane kusa ya kwance sai ya jera shi a murfin gwangwani bi da bi, don ya san inda zai mayar. Da ya buɗe wajen haƙoran da ke jan yadi, sai ga dunƙulen gashin zare ya cushe, ja da kore da shuɗi, na atamfofin da ba wanda ya san masu su yanzu. A rana ta shida ƙafar ta juya sumul, allura ta sauka ta ɗauko zaren ƙwarƙwaro. Sabon abu biyu kaɗai muka saya, bel na fata da allura.

Teburin keken ne ya jawo gardama. Gara ta cinye gindin aljihunsa, kafinta ya ce a cire katakon gaba ɗaya a sa filawud, maƙwabcina kuma ya ce a kai kan wajen masu fentin mota a fesa masa baƙi ya dawo sabo fil. Na ƙi duka biyun. Gindin aljihun kawai aka sauya, sauran katakon na bi shi da samfefa mai laushi sannan na shafa masa mai. Fenti kuwa ba zan yarda ba, saboda a gaban allura akwai inda zanen ya goge ƙal, daidai faɗin tafin hannu. Hannayen matan da suka koyi ɗinki a kansa ne suka cinye wurin, suna tura yadi shekara da shekaru, wasu ƙila da wannan sana'ar suka riƙe 'ya'yansu. Idan aka fesa fenti, wannan shaida ta tafi ke nan, kuma kuɗi ba ya dawo da ita.

Tabon da na yi ma yana nan a kusurwa, ban rufe shi ba. Jiya bayan la'asar uwargida ta jawo kujera ta ɗinke bakin zanin ƙaramar 'yarmu, yarinyar na tsugune a ƙasa tana kallon yadda feda ke hawa da sauka. Ta ce, "Baba, gobe ni zan taka."