Tambaya mai amsa biyu ita ke rusa gasar kacici-kacici

Duk wanda ya daɗe yana tsara tambayoyin kacici-kacici, na makaranta ko na gidan rediyo, ya san rigimar da ke tashi a zaure yawanci daga takardar tambayoyi take fitowa. Babban abin da aikin ya koya mini shi ne samo amsa ba ya da wuya. Wahalar tana wajen rubuta tambayar da amsarta ɗaya ce tak.

Ɗauki wannan: "A wace shekara aka mayar da babban birnin Nijeriya Abuja?" Yaron da ya ce 1976 yana da gaskiya, domin a shekarar gwamnatin Janar Murtala ta kafa dokar. Wanda ya ce 1991 shi ma bai yi kuskure ba, ranar 12 ga Disamba ta shekarar gwamnati ta taso daga Legas. In amsa ɗaya ce a katin alƙali, an zalunci wani ke nan. Gyaran bai wuce kalma biyu ko uku ba: a tambayi shekarar kafa doka, ko shekarar tarewa. Manyan birane dai tarko ne. Jamhuriyar Benin tana da Porto-Novo a hukumance alhali gwamnati na zaune a Kwatano, Afirka ta Kudu kuma uku gare ta.

Akwai tambayar da ke tsufa a cikin aljihun tebur. Har zuwa 2011 Sudan ce ƙasa mafi faɗi a Afirka, da Sudan ta Kudu ta ɓalle sai Aljeriya ta karɓa. Indiya ta wuce Sin a yawan jama'a a 2023. Shi ya sa duk tambayar da ke da "mafi girma", "mafi yawa" ko "na yanzu" nake sa mata ranar da aka tantance ta, kuma ba ta sake fita sai an kuma dubawa. Tambayar jihohi ma sai an ɗaure ta da shekara: 12 ne a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, sannan 36 a 1996.

Kalmar da ta fi kowace haɗari ita ce "na farko". A ce wane ɗan Afirka ne ya fara cin kyautar Nobel ta adabi, ana jiran Wole Soyinka, 1986. Sai wani malami ya miƙe ya ce ai a Aljeriya aka haifi Albert Camus, kuma ya ci a 1957. Ko ba a yarda da shi ba, an riga an ci minti goma ana gardama. Da an rubuta "baƙar fata na farko daga Afirka" da bakin kowa ya mutu. Fim ɗin Hausa na farko ma haka ne: Turmin Danya na 1990 shi ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Kano, amma Adamu Halilu ya yi Shaihu Umar tun 1976. Dole tambaya ta faɗi bidiyo take nufi ko sinima. A littattafan gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta Zariya kuwa, shekarar gasa 1933 ce, Ruwan Bagaja da Ganɗoki sai a 1934 aka buga su, Jiki Magayi kuma marubuta biyu ne, John Tafida da Rupert East, don haka a yanke tun farko ko suna ɗaya ya isa.

Fannin ƙwadago ne masu tsarawa suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali yana da tambayoyi masu daɗi. Ranar 1 ga Mayu ta samo asali daga yajin aikin Chicago na 1886, na neman aikin awa takwas, amma Amurka kanta a Litinin ta farko a Satumba take hutun ma'aikata. A Nijeriya Jihar Kano ta ba da hutun a 1980, ya zama na ƙasa baki ɗaya a 1981. Harbin masu haƙar kwal a Iva Valley ta Inugu a 1949, inda aka kashe mutum 21, shi ma tambaya ce mai tsabta.

Ga yadda kati ya kamata ya kasance: tambaya, amsa, sauran amsoshin da za a karɓa, majiya biyu da ba ɗaya ce ta kwafi ɗaya ba, da ranar dubawa. A lissafa adadi tun wuri. Makarantu huɗu, zagaye biyar, tambaya uku ga kowace makaranta a zagaye, 60 ke nan, a ƙara 15 na ajiya saboda waɗanda za a soke. Tambayoyin zagaye guda su zama nauyinsu ɗaya. In an tambayi wannan babban birnin Faransa, aka tambayi wancan na Ikwatoriyal Gini, masu kallo za su ce an yi son kai, kuma ba za a ga laifinsu ba. Daƙiƙa 20 ta isa, maki biyu ga wanda aka tambaya, maki ɗaya ga wanda ya ɗauka bayan na farko ya kasa.

Kafin ranar gasa, mai gabatarwa ya karanta kowace tambaya da ƙarfi a gaban wani da bai taɓa ganinta ba. A nan ake kama abin da ido ya tsallake: Nijar ƙasa ce ko Neja jiha, Kongon Kinshasa ko ta Brazzaville.

In an yi kunnen doki, kada a ci gaba da jefa tambayoyi har la'asar ta wuce. Tambaya ɗaya ta adadi ta wadatar, kamar tsayin Dutsen Kilimanjaro. Kowace makaranta ta rubuta a takarda, wadda ta fi kusa da mita 5,895 ita ta ci.